Ciwon zuciyar masu jego a Zariya: Rawar da furotin masu hana tsirar jijiyoyin jini ke takawa

Fiye da shekara 50 ke nan likitoci a Zariya ke ganin wani nau'in ciwon zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki, ko kuma a watannin farko bayan haihuwa.

Mace ce da ba ta taɓa kukan zuciya ba. Ta sauka lafiya, an yi suna, baƙi sun watse. Bayan 'yan makonni sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya rigingine, tari ya hana ta barci. Idan aka kai ta asibiti sai a tarar zuciyar ta buɗe, ƙarfinta ya ragu, ba ta iya tura jini yadda ya kamata.

An daɗe ana ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego. Sai dai binciken da aka yi daga 2007 zuwa yau ya karkatar da hankalin masana zuwa ga wasu sinadarai na furotin waɗanda jikin mutum da kansa yake samarwa domin hana sababbin jijiyoyin jini tsirowa. A cewar masanan, idan waɗannan sinadarai suka yi yawa a daidai lokacin haihuwa, suna iya kashe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar uwa.

Abin da aka gani a Zariya

Wanda ya fi jawo hankalin duniya ga wannan ciwo shi ne Farfesa Eldryd Parry, wani likita ɗan Birtaniya da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977. Shi da abokin aikinsa Dokta Davidson sun bi diddigin mata 224 da aka kawo asibitin koyarwa na jami'ar, wanda a lokacin yake Tudun Wada kafin a mayar da shi Shika, gaba kaɗan da Samaru, a 2005. Sun buga sakamakon a 1978.

Sun ƙiyasta cewa ciwon na kama kusan mace ɗaya cikin kowace 100 da ta haihu a tsakanin Hausawan yankin. Wannan adadi ya ninka abin da ake gani a Turai da Amurka nesa ba kusa ba, inda ake maganar mace ɗaya cikin dubbai.

Bayanin da suka bayar a lokacin ya ta'allaƙa ne ga al'adar jego. Mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana 40, a wasu gidajen tana kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, sannan tana shan kunu mai kanwa da yawa. Kanwa na ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, kuma shi ke sa jiki riƙe ruwa. Zafi kuwa na buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙara aiki. Idan abubuwan biyu suka haɗu, in ji likitocin, kaya na yi wa zuciya yawa.

Bayani ne mai ma'ana, kuma har yanzu kanwa ba ta yi wuyar samu ba a kasuwar Sabon Gari. Amma ya bar baya da ƙura. Ana samun ciwon da yawa a Haiti da Afirka ta Kudu, da kuma tsakanin baƙar fatar Amurka, waɗanda ba su san kunun kanwa ba.

A 2020 wasu likitocin Nijeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da ke Kano suka fitar da sakamakon wani nazari mai suna PEACE, wanda ya tattara bayanan mata fiye da 400 masu ciwon daga asibitoci a faɗin ƙasar. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suke, kuma a Kano an samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96. Nazarin bai samu alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da kuma hawan jinin masu juna biyu.

Wannan na ƙarshe shi ne ya haɗa labarin Zariya da wani bincike da ya faro a kan ciwon daji.

Daga ciwon daji aka faro

Da wuya ƙwayar halitta a jiki ta rayu idan ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, domin daga jini take samun abinci da iskar oksijin. Saboda haka duk inda nama zai ƙaru, ko rauni zai warke, ko ɗan tayi zai girma, sai an shimfiɗa sababbin jijiyoyi, kamar dai yadda sabuwar unguwa ke jiran a ja mata bututun ruwa.

A 1971 wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, Judah Folkman, ya ce ƙari ba ya iya wuce girman milimita ɗaya zuwa biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, don haka idan aka datse masa hanyar za a iya hana shi girma. Da yawa daga cikin abokan aikinsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba a lokacin.

A 1989 Napoleone Ferrara ya tace sinadarin da ya fi kowane ƙarfi wajen kiran jijiyoyi su tsiro, wanda ake kira VEGF. Daga nan kuma aka fara gano kishiyoyinsa. A 1990 ɗakin binciken Noel Bouck a Chicago ya nuna cewa wani furotin mai suna tirombospondin na hana jijiyoyi tsirowa. Ɗakin binciken Folkman ya gano anjiyostatin a 1994, sannan endostatin a 1997.

Abin da masana suka fahimta shi ne, a jikin baligi mai lafiya masu hanawa ne suka rinjayi masu kira, shi ya sa jijiyoyin jini ke zaune lafiya shekara da shekaru ba tare da sun yi ta yaɗo ba. Misali mafi sauƙi shi ne garai-garan fatar da ke gaban ƙwayar ido, wadda ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. A 2006 aka nuna cewa wani furotin mai hanawa ne ke tsare ta. Da babu shi, da jijiyoyi sun rufe mana gani.

Yadda saƙon ke shiga

Tambayar ita ce, ta yaya furotin da ke yawo a cikin jini zai gaya wa ƙwayar halitta ta daina girma, alhali ba ya shiga cikinta?

Duk wanda ya san gidajen birnin Zariya ya san zaure. Baƙo ba ya kutsawa cikin gida. A zaure yake tsayawa ya yi sallama, a aiko yaro ya karɓi saƙo ya kai ciki, wani ya kai wa wani har ya isa ga mai gida. Haka abin yake a jiki. A bangon kowace ƙwayar halitta akwai wasu furotin da rabinsu ke waje, rabi ke ciki, waɗanda aikinsu shi ne karɓar saƙo. Kowane makarɓi da irin baƙon da yake saurara.

Cikin kowace jijiyar jini a shimfiɗe yake da wasu ƙwayoyin halitta sirara, kuma su ne ke tsiro idan za a yi sabuwar jijiya. Idan VEGF ya zo, yana kama makarɓa biyu ya haɗa su wuri guda. Haɗuwar ce ke tayar da ɓangarensu na ciki, wanda zai riƙa liƙa wa wasu furotin sinadarin fosfet, kowane ya tayar da na gabansa, har umarni ya isa cibiyar ƙwayar cewa ta rabu biyu, ta matsa gaba, ta ci gaba da rayuwa. Wannan saƙo ne kuma ke sa ƙwayar ta fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke sassauta jijiya ta rage hawan jini.

Masu hanawa na bin hanyoyi daban-daban wajen warware wannan umarni.

Tirombospondin na da nasa zauren, wani makarɓi mai suna CD36. A shekarar 2000 aka bayyana jerin 'yan aiken da ke bin bayansa. CD36 na tayar da wani furotin mai suna Fyn, shi kuma ya tayar da p38 da wasu sinadarai masu yanka da ake kira kasfes, waɗanda ke sa ƙwayar ta kashe kanta cikin tsari. Bayan shekara biyu aka gano dalilin da ya sa kisan ba ya shafar tsofaffin jijiyoyi. Ƙwayar da ke cikin tsiro ce kawai ke fito da wani makarɓi mai suna Fas a bangonta, kuma sai da shi hukuncin ke zartuwa. Ke nan jijiyar da ke zaune ba ta jin kiran.

Wannan CD36 ba baƙo ba ne ga masu nazarin zazzaɓin cizon sauro. Yana cikin wuraren da jajayen ƙwayoyin jinin da cutar maleriya ta shiga ke maƙalewa a bangon jijiya.

Tirombospondin na kuma kama wani makarɓin mai suna CD47, ta inda yake toshe aikin naitirik oksaid.

Endostatin da wani ɗan'uwansa mai suna tumstatin kuwa suna bi ne ta wasu makarɓa da ake kira intagirin. Su intagirin tamkar hannuwa ne da ƙwayar halitta ke dafa ƙasa da su idan za ta yi rarrafe. Binciken da ɗakin Raghu Kalluri ya buga a 2002 da 2003 ya nuna cewa endostatin na kama wani nau'in intagirin ya hana ƙwayar tafiya, shi kuma tumstatin ya kama wani nau'in ya dakatar da ƙera sababbin furotin a cikinta.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Da yawa daga cikin waɗannan masu hanawa gutsattsari ne na manyan furotin da ke da wani aikin daban. Anjiyostatin yanki ne na furotin da ke narkar da gudan jini. Endostatin da tumstatin daga kolajin suke, wato zaren da ke riƙe da nama. Ba sa yin komai sai an yanko su.

Masu ciwon daji sun sa rai ƙwarai. A watan Mayun 1998 jaridar New York Times ta buga labarin anjiyostatin da endostatin a shafin farko bayan sun narkar da ƙari a jikin ɓeraye. Da aka gwada a kan mutane, sakamakon bai kai yadda aka zata ba, ko da yake China ta amince da wani nau'in endostatin a 2005. Maganin da ya samu karɓuwa shi ne Avastin, wanda ke kama VEGF kai tsaye, kuma Amurka ta amince da shi a 2004. Likitoci sun lura cewa wasu masu karɓar maganin na samun hawan jini, kuma furotin na zuba a fitsarinsu.

Mabiyiya da jijjiga

Hawan jini da furotin a fitsari su ne ainihin alamun da ma'aikatan jinya ke nema a wurin awon ciki, domin su ne ke share fagen jijjiga, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Nijeriya.

A 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston suka gano cewa mabiyiyar matan da ke da wannan hawan jini na zuba wani furotin mai suna sFlt-1 a jininsu fiye da kima. Shi wannan furotin makarɓin VEGF ne da aka yanke wa gindi, ba shi da inda zai kafu a bangon ƙwayar halitta, sai ya riƙa yawo a cikin jini. Idan muka koma ga misalin zaure, kamar wani ne ya tsaya a bakin titi yana tare ɗan aike, yana karɓe saƙon ya soke a aljihu. Shi ne dai furotin da ke tsare gaban ido, amma a nan ya wuce gona da iri.

Idan saƙon VEGF ya daina isa, jijiyoyi na tsukewa, jini ya hau, matatar ƙoda ta kumbura ta fara yoyon furotin. Wani nazari da aka buga a 2004 ya nuna cewa sFlt-1 na fara hawa kimanin mako biyar kafin alamun su bayyana. Bayan mabiyiya ta fita kuma yana sauka cikin 'yan kwanaki, abin da ya yi daidai da abin da ungozoma da likitoci suka daɗe da sani, cewa haihuwa ce ke kawo ƙarshen ciwon.

A yau akwai gwajin jini da ke auna wannan furotin. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa idan ma'aunin bai wuce 38 ba, da wuya ciwon ya taso cikin mako guda, kuma Amurka ta amince da irin wannan gwaji a 2023. Amma abin da ya fi ceto rayuka a arewa ya fi wannan arha. Bayan da aka fara amfani da allurar magnesiyam salfet a manyan asibitoci 10 na jihar Kano a 2008, mace-macen masu jijjiga da matsanancin hawan jini ya sauka daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.

Sinadarin nono da aka yanka

A lokacin goyon ciki jinin mace na ƙaruwa da kusan rabi, zuciya ta ƙara girma don ɗaukar nauyin. Kusan kowace ƙwayar tsokar zuciya na da ƙaramar jijiyarta a gefe, don haka zuciya ba ta jure asarar jijiyoyi.

A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta jami'ar likitanci da ke Hannover a Jamus ta buga wani bincike da ya sauya yadda ake kallon ciwon zuciyar masu jego. Ta yi aiki da ɓerayen da zuciyarsu ta rasa wani furotin mai ba da kariya mai suna STAT3. Ɓerayen na zaune lafiya har sai sun haihu, daga nan zuciyarsu ta gaza. Ta gano cewa rashin kariyar na sa wasu gurɓatattun sinadaran oksijin taruwa a zuciya, su kuma su tayar da wani sinadari mai yanka da ake kira katefsin D. Abin da yake yankawa shi ne furolaktin, wato sinadarin da ke sa nono ya kawo, wanda ke cika jinin mace a daidai wannan lokaci.

Cikakken furolaktin na da nauyin kilodalton 23. Guntun da ake yankowa na da 16, kuma tun farkon shekarun 1990 aka san cewa yana hana jijiyoyin jini tsirowa. Abin mamaki shi ne ba ya bi ta zauren uban nasa. A 2014 masu bincike a Liège ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa yana maƙalewa ne da wani furotin mai suna PAI-1, su tafi tare zuwa wani makarɓi mai suna uPAR a bangon jijiya. Saƙon da ke shiga ciki na sa ƙwayar ta ƙera wani ɗan ƙaramin zaren gado mai suna miR-146a, wanda ke hana ta hayayyafa. Ba ta tsaya nan ba, tana ƙunshe zaren cikin 'yan ƙananan jakunkuna ta aika wa tsokar zuciya, inda yake rage mata kuzari.

A 2012 ɗakin binciken Zoltan Arany a Boston ya haɗa zaren biyu. Ya nuna cewa sFlt-1 daga mabiyiya shi ma yana raunana zuciyar da ba ta da isasshen VEGF nata, kuma ɓerayensa ba su warke sarai ba sai da aka ba su VEGF tare da maganin da ke tsayar da furolaktin. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa hawan jinin masu juna biyu da cikin tagwaye, inda mabiyiya ta fi yawa, ke ƙara haɗarin ciwon.

Duk mai jego na da furolaktin, kuma duk mabiyiya na fitar da sFlt-1, amma kaɗan ne ke kamuwa. Masana na ganin sai zuciyar ta kasance da wani rauni tun farko. Wani nazari na 2016 ya samu tawaya a ƙwayoyin gado a jikin kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciwon, yawanci a wani furotin na tsokar zuciya mai suna taitin. A yankin Sahel kuma akwai batun seleniyam, wani sinadarin abinci da jiki ke buƙata wajen kawar da gurɓatattun sinadaran oksijin. An samu ƙarancinsa a jinin masu ciwon a Yamai a 1992, aka sake samun haka a Kano a 2015.

Wannan duka bai wanke kanwa ba. Ko da ba ita ce tushen ciwon ba, gishiri da kanwa na ƙara wa zuciyar da ta raunana nauyi, kuma likitoci na hana duk mai ciwon zuciya su. Abin da ya sauya shi ne, ba daidai ba ne a ɗauka cewa matar da ba ta sha kunun kanwa ba ta tsira, ko kuma a ɗora wa kakar da ta dafa ruwan wanka alhakin komai.

Magani da tsadarsa

Idan furolaktin ne tushen guntun mai cutarwa, to hana shi fita zai iya taimakawa. Akwai tsohon magani mai arha da ke yin haka, wato bromokriptin. A 2010 Farfesa Karen Sliwa ta gwada shi a Soweto ta Afirka ta Kudu a kan mata 20. Cikin 10 da suka sha shi tare da sauran magungunan zuciya, ɗaya ta rasu. Cikin 10 da ba su sha ba, huɗu suka rasu. Adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi, kuma gwajin da aka yi a Jamus a 2017 a kan mata 63 bai haɗa da rukunin da ba a bai wa maganin ba. A 2018 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce ana iya duba yiwuwar ba da shi, amma tare da maganin hana jini daskarewa, domin yana iya haddasa gudan jini.

Ga mai jego a Samaru ko Sabon Gari, akwai wata matsalar da ta fi wannan kusa. Bromokriptin na ƙafar da nono. Jaririn da aka cire daga nono a makonnin farko na buƙatar madarar gwangwani da ruwa mai tsabta na tsawon watanni, kuma nazarin PEACE ya nuna cewa matan da ciwon ya fi kamawa su ne waɗanda suka fi ƙarancin hali. Shawara ce da likita kaɗai zai yanke bayan ya duba ƙarfin zuciyar da halin gidan, ba magani ba ne da za a saya a kemis.

Nazarin na PEACE ya bi matan na tsawon kusan shekara ɗaya da rabi, inda ya samu cewa kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Likitoci na gano ciwon ne da hoton zuciya na eko, suna kuma gargaɗin cewa ɗaukar wani cikin kafin zuciya ta warke na iya dawo da shi fiye da na farko. Alamun da suke so dangi su lura da su a jikin mai jego su ne haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da tarin dare, da kumburin ƙafa da ke ƙaruwa bayan haihuwa maimakon ya saɓe.